Bayan an shafa fatiha, wa ke duba tayar motar?

A ranar 31 ga Mayun 2025 wata bas ɗauke da 'yan wasan jihar Kano ta faɗo daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano. Daga jihar Ogun suka taso bayan kammala gasar wasanni ta ƙasa, sun kwana a hanya, saura ƙiris su ga gida. Sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu matasa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ce tana zargin gajiya da gudun wuce kima. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, aka ce kwana ya ƙare. Kashegari motocin dare suka ci gaba da lodi kamar yadda suka saba.

Ba wanda ke jayayya da ƙaddara. Abin da ke damun mai lura shi ne yadda aka mai da ita murfin rufe magana. Da an tambayi yadda aka yi, sai wani dattijo ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Alhali addinin da ya koyar da ƙaddarar bai saki mai ganganci ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere. Direbobi nawa ne a tasha suka taɓa jin wannan a huɗubar Juma'a?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2005 cewa Lahadi ta uku a watan Nuwamba ta zama ranar tunawa da waɗanda haɗurran hanya suka rutsa da su, abin da ƙungiyar RoadPeace ta faro a Ingila tun 1993. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai haɗari kisa. A ƙasar Hausa ba a buƙatar rahoto kafin a yarda. Masu kallon fim har yau suna ambaton Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, kuma da wuya a sami unguwar da ba ta da nata matashin da aka kawo a bayan a-kori-kura.

Mai son ganin inda haɗarin ke farawa, ya leƙa tasha da asuba. Golf ta ɗauki biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan masara sun danne but har ta durƙusa. Direban ya iso cikin dare, barcinsa bai kai awa uku ba, ga mai mota na jiran balas, ga ɗan kamasho na kiran fasinja. Tayar kuwa 'yar gwanjo ce. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma FRSC ta daɗe tana cewa bayan shekara huɗu ta tashi daga aiki, ko da zanenta bai goge ba. Dubawar ba ta cin minti ɗaya. Ba mai yi.

Sannan fasinjan kansa. In wata tsohuwa ta ce, "Direba, don Allah a rage wuta," sai wani a baya ya amsa, "Hajiya, ki bar shi, muna da uzuri." Mai uzurin bai san motar da ke gudun kilomita 120 tana cinye fiye da mita 30 a daƙiƙa ɗaya ba, ko cewa in aka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take yi sau huɗu. Doka ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya, tanka da tirela 60. Wanda ya taɓa bin tirela a hanyar Kaduna, shanu a ƙasa, mutane reras a sama, ya san darajar waɗannan lambobi.

Gwamnati ma da nata kason, babba. An kafa FRSC a 1988, a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, amma ramuka da karkatar da hanya ba alama sun fi ƙarfin kowace na'ura. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, tankar mai ta kife, jama'a suka rufa ɗibar fetur, wuta ta tashi, aka binne fiye da mutum 150. Wata uku kacal bayan nan, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja.

Idan Nuwamba ta zagayo, jami'ai za su yi tattaki da riguna masu ƙyalli a manyan birane. Da sun kai taron tashar Unguwa Uku ko Kawo, an kira shugabannin direbobi da limamin masallacin tasha, an karanto sunayen waɗanda suka tashi daga nan ba su dawo ba, sannan a zaga motocin da ke kan layi ɗaya bayan ɗaya a karanta lambar jikin taya, da ya fi amfani.