Targaɗe a Karakara: waya ba ta ɗori, motsa ƙafa shi ne magani

Da zarar an gama girbi, filin kokowa da filin ƙwallo sukan cika da samari a Karakara, kamar sauran garuruwan ƙasar Junju da Gaya cikin jahar Dosso. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a shekarar 1975, kokowa ta zama abin alfahari ga Nijar, kuma yaran wannan jaha kowa so yake ya bi sawun Isaka Isaka, ɗan Dosso da ya ci takobi sau da dama. To amma inda ake kokowa da ƙwallo da gudu bisa ƙasa mai kwazazzabai, ba a rasa targaɗen idon ƙafa.

Mutane da yawa sun raina targaɗe. Sai a ja ƙafar, a shafa man kaɗe, bayan kwana 3 yaro ya koma fili. Alhali jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sun miƙe ko sun ɗan yage, kuma ƙafar ta manta yadda take daidaita kanta in an taka wuri mai gargada. Shi ya sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya ya fi kowa kusa da yin na biyu, har ya kai ga barin wasa, ko ya kasa wuni a gona.

A yau ana ta zancen manhajojin wayar salula masu nuna wa matashi yadda zai yi jinyar ƙafarsa a gida. Ya kamata hukumomi su san abin da bincike ya nuna kafin su sa kuɗi a ciki. A ƙasar Holand, a shekarar 2009, an bayyana sakamakon gwajin da aka yi da ƴan wasa 522 da suka yi targaɗe. Wasu aka ba su atisayen daidaita ƙafa na sati 8 a gida, wasu ba a ba su ba. Cikin shekara guda, kashi 22 cikin 100 na masu atisaye suka sake targaɗe, na marasa atisaye kuwa kashi 33. Daga baya aka zuba irin wannan atisaye cikin wata manhaja mai suna Versterk je Enkel, wato ƙarfafa idon ƙafarka, aka gwada ta da ɗan littafi mai hotuna a kan mutum 220. Sakamakon da aka fara fitarwa a 2016 ya nuna waya da takarda kunnen doki suka yi: masu littafi sun bi atisayen kamar yadda masu waya suka bi.

Wannan labari ne mai daɗi ga ƙauye. A Karakara ba kowane gida ke da babbar waya ba, inda take kuma sau da yawa ta uba ce ko ta wa, ga kuɗin caji, ga kuɗin intanet. Manhajar da ke magana da Faransanci ko Ingilishi ba ta da amfani ga yaron da bai yi nisa a boko ba. Amma takarda guda mai hotuna, da Hausa, duk wanda ya gama yaƙi da jahilci zai karanta wa ɗansa da ɗan maƙwabci. Mai waya kuma a tura masa saƙon murya da ɗan bidiyo ta WhatsApp, wanda jama'a suka riga suka saba da shi. Babban aikin waya shi ne tuni, domin sati 8 da tsawo, kuma matashi da zafi ya tafi sai ya ce ya warke.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa. Kwana 2 ko 3 na farko a huta, a ɗaga ƙafar bisa matashin kai, a sa tsumma mai ruwan sanyi na randa in babu ƙanƙara, a naɗe ba da matsi ƙwarai ba. Sa'an nan a fara takawa sannu a hankali. In zafi ya lafa, a riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya, sai da ido rufe, sai bisa rairayi mai laushi, sau 3 a sati.

Akwai inda waya da takarda duka suke tsayawa. Tun 1992 likitocin Ottawa a Kanada suka tsara alamomin da ke nuna ana bukatar hoton ƙashi: in mutum ya kasa yin taki 4, ko in an danna bayan ƙashin idon ƙafa ko bakinsa ya ji zafi sosai. Irin wannan a kai shi asibitin CSI, daga nan a tura shi Gaya ko Dosso in hali ya kama. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, jan ƙafar da ta karye kuwa ɓarna yake ƙarawa. Masu ɗori suna da mutunci a gari, su ake fara kai wa, don haka su ne na farko da ya dace ma'aikatan lafiya su zauna da su a kan waɗannan alamomi.

Ma'aikatar lafiya da ofishin yaƙi da jahilci na jahar Dosso suna iya haɗa kai su buga wannan takarda da Hausa da Zabarmanci, magajin garin Karakara ya raba wa malaman makaranta da masu horas da ƴan kokowa kafin kakar bana ta shigo.