Sai Likitan Dabbobi Ya Bar Dabbobi Zai Girma?

A ƙasar Gumel, ranar da aka ji an ɗauke likitan dabbobi daga ƙaramar hukuma an mayar da shi ofis a Dutse, barka ake zuwa yi wa iyayensa. “Ai ya huta da kashin shanu,” in ji 'yan'uwa. Wanda kuwa ya shekara ashirin yana zagaya rugage tsakanin Danzomo da Jeke a kan babur, kallon marar uwa a gindin murhu ake yi masa. Wannan ra'ayi ya zauna daram a zukatan iyaye da ɗalibai da su kansu likitocin, kuma makiyayi ne ke biyan kuɗinsa.

Shekara shida ɗalibi ke yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kafin ya zama likitan dabbobi. Ba rubuta takardar neman izinin sayen kujeru aka koya masa ba. An koya masa ya zura hannu har kafaɗa ya juya ɗan maraƙin da ya zo a gicciye. An koya masa ya tsaga cikin tunkiyar da ta rame ba dalili, ya zaro dunƙulen leda da igiya da ta yi watanni tana haɗiya a juji. An koya masa ya ceci ragon layya da aka ɗura wa dusa har fitsari ya toshe masa, ana saura mako biyu Sallah. Irin wannan gwaninta a hannu take zama, kuma hannun da ya daina aiki mantuwa yake yi. Amma tsarin aikin gwamnati ya shirya tsaninsa ne yadda manyan matakan albashi ke tattare da kujerar mataimakin darakta da ta darakta. Ma'ana, daidai lokacin da likita ya nuna, lokacin ake cire shi daga turke a ba shi fayil.

Wanda ke son ganin abin da ke cike gurbinsa, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shanu da raƙuma da tumaki na kwararowa daga Jamhuriyar Nijar, manyan motoci na lodi zuwa kudu. A gefen kara ga masu tebur sun baza kwalaben allura a tsakar rana, wasu takardar jikinsu ta koɗe har ba a karanta ranar lalacewa. Bafulatani zai kwatanta ciwon saniyarsa da baki, mai tebur ya miƙo masa kwalba, shi kuma ya koma ruga ya soka da kansa, da kiyasin ido. Washegari a tatsi nonon saniyar a kai tallan fura, alhali akwai kwanakin da ya kamata a jira maganin ya fita daga jikinta. Kada a ga laifin makiyayin. Wanda ya samu a kusa shi ya tambaya.

Masu kare ofis suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Allurar rigakafin ciwon huhun shanu da ake yi a cibiyar bincike ta Vom ba za ta iso Sule Tankarkar da ƙarfinta ba sai wani ya sa ta a kasafin kuɗi, ya tanadi firji da mai da mota. Gara kuwa wanda ya san dabba ya riƙe wannan kujera. To amma kujeru nawa ne? Jiha ba ta buƙatar darakta goma, ƙananan hukumomin Jigawa kuwa 27 ne, kowace da garkunanta.

Tarihin cutar bushiya ta shanu ya isa darasi. A 1962 aka ƙaddamar da gagarumin gangamin rigakafi a ƙasashen Tafkin Chadi, cutar ta lafa, hukumomi suka saki jiki. A farkon shekarun 1980 ta dawo, a 1983 ta yi wa shanun arewacin Najeriya ɓarnar da dattawan Fulani ba su manta ba. Kafin a ayyana kawar da ita daga duniya a 2011, aikin da ya karya lagonta a wurare masu wuyar shiga kamar yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan, na likitocin da suka zauna cikin makiyaya ne, suka horar da 'ya'yansu yin allurar da ke jure zafi. Rahoton da ke isa teburin darakta, wani ne ya fara buɗe bakin saniya ya gani. In babu shi, abin da ke cikin fayil ɗin zato ne kawai.

A 2024 Shugaba Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Madalla. Sai dai sabuwar ma'aikata sababbin ofisoshi ke nan, kuma abin tsoro shi ne ta ƙara janye ƙwararru zuwa Abuja da manyan biranen jihohi.

Gyaran ba gagara-badau ba ne, don likitocin mutane sun riga sun yi shi: babban likitan tiyata yana kaiwa ƙololuwar albashi bai ajiye wuƙarsa ba. Najeriya na da kwalejin da ke ba likitocin dabbobi shaidar ƙwarewa ta musamman. Abin da ya rage shi ne gwamnatin Jigawa ta buɗe tsani na biyu, yadda likitan da ya zaɓi zama a Maigatari ko Gagarawa zai kai albashin darakta yana bakin aikinsa, da gida, da alawus na zaman karkara, da ɗakin gwaji mai na'urar duba jini. Hukumomin lafiyar dabbobi na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da annobar tumaki da awaki, kuma a Sule Tankarkar akuyoyin da za a yi wa allurar suna ɗaure ne a bayan ɗakunan mata, gida-gida.