Mai Gadin Da Ke Hana Mai Gida Shiga

A lokacin rajistar ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Kwangila, ya ratsa Palladan ya nufi Samaru, zai ga shagunan intanet maƙil da matasa, alhali kowannensu na riƙe da wayar da ta isa ta yi masa aikin da ya kawo shi. Ƙorafin guda ne: shafi ya tsaya fari fat, ko maɓallin biyan kuɗi ya ƙi motsi. Akan ɗora laifin a kan rashin sabis, amma sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba.

Shafukan intanet na yau ba rubutu da hoto kaɗai suke aikowa ba. Suna tafe da tarin umarni da ake kira JavaScript, waɗanda burauzar waya ke aiwatarwa. Wasu su ke sa fom ya yi aiki, wasu kuwa na masu talla ne da masu bibiyar sawun mutane, suna cin data suna shanye batir. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara neman abin da zai toshe wannan ɓarna. Akwai kuwa ƙananan manhajoji da ake liƙa wa burauza don yin wannan gadi, irin su NoScript da Giorgio Maone ya fitar a 2005, da uBlock Origin na Raymond Hill.

Matsala ta farko ita ce ba kowace burauza ke karɓar mai gadin ba. Chrome, wadda ke zuwa a cikin mafi yawan wayoyin Android, ba ta yarda a liƙa mata komai a waya. Kiwi da ta cike wannan giɓi an daina kula da ita a farkon 2025. Firefox ma a 2020 ta rage su zuwa ƴan ƙalilan, sai a Disambar 2023 ta sake buɗe ƙofa ga fiye da 450.

Ta biyu ta fi ciwo: mai gadin bai san baƙo ba, bai san ɗan gida ba. Biyan kuɗin makaranta yakan bi ta gidaje uku: shafin makaranta, na kamfanin karɓar kuɗi, da na bankin da ke tantance kati. NoScript na tare duk gidan da ba a ba shi izini ba, don haka tafiyar na iya yankewa a tsakiya, a cire kuɗi rasit bai fito ba. Haka abin kan kasance ga mai amfani da Opera Mini a yanayin matse data sosai, domin a kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shafin kafin ya iso waya. Ƙarshenta ɗalibin da ya gudu daga masu bibiya sai ya miƙa kalmar sirrinsa da lambar katinsa ga kwamfutar shago. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ga mai waya, dabarar ita ce a raba aiki: burauza ɗaya mai gadi don karatu da labarai, ɗaya kuma mara shinge don rajista da biya kaɗai. Kada a sake biya kafin a duba asusu.

Amma babban nauyin yana wuyan masu gina shafukan. Gwamnatin Birtaniya ta gindaya wa ma'aikatunta ƙa'idar cewa a fara gina shafin hidima yadda zai yi aiki ko da JavaScript ya gaza. Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Palladan, da Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli, duk suna iya sanya irin wannan sharaɗi a kwangilolinsu: a gwada shafi a ƙaramar Itel kafin a karɓe shi, kuma in ya gaza ya gaya wa ɗalibi dalili a fili. Ɗan talaka bai cancanci a sa shi zaɓi tsakanin datarsa da gurbin karatunsa ba.