Sabuwar PlayStation da tsohon faifai: ku tambaya kafin ku biya

A shirinmu na matasa na makon jiya, wani mai ɗakin wasa daga Damagaram ya bugo mana waya cikin ɓacin rai. Ya sayar da PS2 guda uku, ya cika da adashe, ya sayo PS5 hannu na biyu. Da ya sa faifan ƙwallon da yaran unguwa sunka saba, na'urar ta ƙi karantawa. Yana tsammanin an cuce shi ne da lalatacciya. Lafiyarta lau, haka anka ƙera ta. Mun ga ya kamata mu rubuta bayanin a nan, don ba shi kaɗai ba ne.

Mu ƴan shekara talatin da wani abu mun san wannan harka. Ana tashi daga lakwal, sai a haɗa dala goma-goma a je a kama manet, ana jiran wanda anka ci ya tashi. PS2 ta fito a 2000, kuma tana karɓar faifan PS1 ba gardama, domin kamfanin Sony ya dasa mata kayan tsohuwar a ciki. Nan munka ɗauka cewa kullum sabuwa tana ɗaukar kayan tsohuwa. Ashe ba doka ba ce.

PS3 ta farko, ta 2006, tana buga faifan PS2, amma daga baya anka cire wannan don a rage tsada. PS4 ta 2013 ba ta san faifan PS1, PS2 ko PS3 ba. PS5 ta 2020 tana buga kusan duk wasannin PS4, daga nan ta tsaya. A ɓangaren Microsoft, Xbox Series X tana karɓar ɗaruruwan wasannin Xbox 360 da wasu na Xbox ta farko, amma sai waɗanda ke cikin jerin da kamfanin ya zaɓa.

To ina dalili? Kowace na'ura da harshen da ƙwaƙwalwarta ke ji. In ana son sabuwa ta buga wasan tsohuwa, ko dai a dasa mata kayan tsohuwar, ko a rubuta manhaja mai yin tafinta, wadda masu sana'ar ke kira emilatar. Tafinta kuwa dole ya fi mai magana sauri, in ba haka ba hoto ya riƙa tsinkewa, sauti ya riƙa shaƙewa. Shi ya sa ƙaramar waya ke buga wasannin Sega da Nintendo na da kamar wasa, amma PS3, mai ƙwaƙwalwar nan mai wuyar sha'ani da ake kira Cell, har kwamfuta mai ƙarfi sai ta yi gumi.

Ke nan amsar ita ce e, sabbin na'urori suna iyawa. Abin da ke damunmu shi ne yadda kamfanonin ke sayar da wannan iyawa. A PS5, tsofaffin wasannin PS1 da PS2 da anka zaɓo suna cikin kantin intanet, yawanci ta abonma na wata-wata. A Nintendo Switch ma haka: wasannin NES, Super Nintendo da Game Boy sai da abonma, kuma na'urar na buƙatar hawa intanet duk mako don a tabbatar ka biya. Ku dubi halinmu. Matasa nawa ne a Maraɗi ko Tawa ke da katin banki mai biya a waje? Ga tsadar forfe, ga wuta da ke ɗaukewa. Mutum ya sayi faifai da guminsa, an ce ya sake biya, kuma biyan haya.

Shi ya sa ba mu ga laifin yaro mai buga ƙwallo a waya da PPSSPP ba, manhajar da ke kwaikwayon PSP. Ita emilatar a kanta ba sata ba ce: a 2000 wata kotu a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya kan Sony a irin wannan shari'a, kuma a Afrilun 2024 Apple ya buɗe musu ƙofa a kantinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne wasannin kansu, don suna da masu su. A Maris na 2024 masu Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 ta Amurka, sunka rufe. Wanda ke kwafar sabon wasa yana sayarwa ya ci haƙƙin mutane, ba za mu wanke shi ba.

Amma wasan da kamfani ya daina sayarwa fa? Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da anka fitar a Amurka ba sa kasuwa a lokacin. A shekarar ce Nintendo ya rufe kantin 3DS da Wii U. Mu ma'aikatan rediyo mun san zafin wannan: kaset nawa na mawaƙanmu sunka ruɓe a kwali don ba a juye su da wuri ba? Ra'ayinmu shi ne, wanda ya ƙi sayar da abu bai kamata ya hana a adana shi ba.

Shawararmu ga iyaye da masu ɗakin wasa: kada ku sayar da tsohuwa kafin ku gwada sabuwa. Ku tafi kasuwa da faifanku, a sa a gabanku. Waɗannan ƙananan na hannu na Cana da ake cewa akwai wasa dubu goma ciki, ku buɗe ku duba, sau da yawa wasa ɗaya ne anka maimaita da suna daban-daban, kuma katin memwar ɗin ba ya daɗewa. In an ce tana buga PS2, a kunna ta minti goma ku ga ko tana tsinkewa.

Mai ɗakin wasanmu na Damagaram yanzu yana neman PS2 da zai sake saye, a farashin da ya fi wanda ya sayar. Ku fa, wane wasa ne kuke son ƴaƴanku su tarar? Ku rubuto mana a ƙasa, za mu karanta a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu.