Mun Rubuta Sunan Sa'adu a Gadau, Mun Hana Waƙarsa Shiga Aji

Shekaru na yi ina koyar da Hausa a wata sakandare a ƙasar Katagum, kuma har yau ban huce ba game da ranar da shugaban makarantar ya kira ni ofis. Laifina shi ne na karanta wa 'yan aji biyar waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, na kuma ce su yi muhawara a kanta. Ya ce, "Malam, ka tsaya a kan abin da zai fito a jarrabawa, kada ka tayar mana da yara." Na fito jikina yana rawa.

Waƙar Sa'adu Zungur fa! Ɗan Bauchi, wanda jami'ar jiha da ke Gadau, nan kusa da Azare, take ɗauke da sunansa. Mun yarda a rubuta sunan da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa, amma abin da ya faɗa da bakinsa ya zama dodo. Ka tare ɗalibi a Azare ka tambaye shi wane ne Sa'adu, zai ce maka jami'a ce. Ba laifinsa ba ne, mu muka ɓoye masa.

Da mai tsoron ya zauna ya karanta waƙar, da ya ga ba kiran a rushe fada ba ce. Gargaɗi ce ga sarakuna su gyara, su rungumi ilimi da adalci, tun kafin guguwa ta iso. Mutumin da ya yi karatu a Katsina da Yaba, ya zauna da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa a zauren muhawara na Bauchi a shekarun 1940, ya rasu a 1958 bai tara komai ba, shi ne yau ake ganin zai lalata tarbiyya. Wace tarbiyya?

Kuma wa muke ruɗa? Masarautar Katagum kanta daga ƙin zalunci ta fito. Malam Zaki, wanda ya kafa ta, tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙo, kuma Shehu da jama'arsa da wa'azi da waƙa suka fara isar da kukansu kan harajin zalunci da cin hanci a wurin shari'a, tun kafin a zare takobi. Muna alfahari da tutar ranar hawan salla, amma ba ma son yaro ya tambayi dalilin da ya sa aka ɗaga ta.

Littattafan ma muna da su, ba sai mun yi aro ba. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Labari ne na yaron da aka sace, aka bi da shi hanyar Sahara, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Na taɓa ganin yarinya tana share hawaye a aji saboda wannan uwa. Da ta ɗago, sai ta ce, "Malam, su wane ne suke kamawa su sayar?" Tambayar da babu takardar jarrabawar da za ta haifar ke nan, kuma amsarta ba ta da daɗi, domin namu na ciki. Ganɗoki na Bello Kagara ya buɗe ƙofar zancen zuwan Turawa, daga nan malami zai iya kai yara Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, ya kai su Haɗeja, maƙwabciyarmu, wadda ta ƙi miƙa wuya a 1906. Amma abin da muke yi wa waɗannan littattafai shi ne yanka: sunan marubuci, jigo, salo, haddace, rubuta, manta.

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, sai da aka sa dokar hana fita a Azare. Duk wanda ya leƙa titi ya ga shekarun waɗanda suka fito. A watan Nuwamba kuma duniya ta ga yaran Arewa da aka kama a zanga-zangar suna zubewa a gaban kotu a Abuja. Ba Sa'adu ne ya fitar da su ba, yunwa ce. Da yawansu ba su taɓa jin baiti ɗaya nasa ba. Suna da ɓacin rai, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda na gaba suka jera hujja, suka fuskanci mai mulki ido da ido ba tare da sun ƙona komai ba. Mun hana su harshe, sannan muka yi mamaki da suka ɗauki dutse.

Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tana yaye malamai a cikin garin Azare kowace shekara. Ina roƙon malamanta, don Allah, kada ɗalibin Hausa ya fita koyarwa bai iya tsayawa gaban aji ya rera waƙoƙin Sa'adu da na Mu'azu Haɗeja da murya ba, bai kuma iya jure tambayar da za ta biyo baya ba. Shugabannin makarantu kuwa, in tsoro kuke ji, ku zo ku zauna a bayan aji ku saurara. Ni dai gobe Litinin da waƙar zan shiga.