Sharhi: Wa ke jinyar iyaye a Matamaye bayan 'ya'ya sun tafi ci-rani?

A Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, idan likita ya ce a mayar da dattijo gida, iyali sun san abin da ake nufi. Daga nan jinya ta koma tsakar gida: juya majinyaci, wanke shi, ba shi kunu da cokali, da kwana a zaune. Galibi matarsa, 'yarsa ko matar ɗansa ce ke ɗaukar wannan nauyi.

Sai dai masu jinyar na raguwa. Yankin Kance ya yi suna wajen ci-ranin mata da yara zuwa Aljeriya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada, akasarinsu mata da yara daga yankin. Samari kuwa Najeriya da Libiya suke nufa. Kuɗi na zuwa ta Nita ko Amana, amma kuɗi ba ya ɗaga tsoho zuwa banɗaki.

Hukuma ma ba ta cike giɓin ba. Tsarin kiwon lafiya kyauta da Nijar ta ɓullo da shi a 2006 ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na masu buƙatar kulawar rage raɗaɗin ciwon ajali ke samun ta a duniya.

Idan rai ya yi halinsa, ana jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, ɗan ci-rani sai dai ya ji ta WhatsApp. Rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024 ya sa zuwa gaisuwar mutuwa daga Daura ko Kano ta Ɗan Barto ya zama wahala.

Abin da ke hannun 'yan'uwa shi ne su yi magana tun da sauran lokaci: wa zai zauna, wa zai sayi magani, me za a ware wa mai jinya? Kuɗin da ake tanada wa sadakar bakwai da ta arba'in zai fi amfani idan wani ɓangarensa ya isa gida tun tsohon na numfashi. Bayan an watse kuma, a tuna da uwar da ke takabar wata huɗu da kwana goma.