Kokawar tsaye ko ta ƙasa? Samarinmu ku ji

Jama'a, yanzu yara a Gagarawa Tasha da Gumel da Maigatari sun koma kallon UFC a waya, sai ka ga an kwanta a ƙasa ana gwada shaƙe wuya da murɗe hannu. Wai kokawar gargajiya ta tsufa. Ni dai ban yarda ba.

Tamu kokawar a tsaye take. Ka kama, ka sa ƙafa, ka kai mutum ƙasa, wasa ya ƙare, a tashi a gaisa. Tsallaken iyaka a Nijar ita ce babban wasan ƙasa, tun 1975 ake gasar takobi, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka.

Ta ƙasa ma ilimi ce, ba musu. A judo, in ka danne abokin karawa daƙiƙa 20 ka ci. Amma can akwai katifa, akwai malami, akwai dokar da ka buga hannu a sake ka nan take. Shaƙa kan sumar da mutum cikin ƴan daƙiƙu. Wa zai raba su a bayan gida?

Shi kansa Kamaru Usman da kuke yabo, da kokawar kayarwa ya fara kafin ya zama zakara a 2019.

Don Allah a fara da tsayuwa da iya faɗuwa a kan rairayi, gaban manya. Ta ƙasa kuwa a bari sai an samu mai koyarwa.

Iyaye a sa ido. Allah Ya tsare mana su.